Sabon ma'aikacin kamfanin jirgin sama a Garwa: me tikitin ma'aikata ke bayarwa, kuma wa zai hau da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Ni matashi ne a Garwa. An ɗauke ni aiki a filin jirgin sama, a teburin da ake duba tikitin fasinja da auna kaya, wata mai kamawa zan fara. Ko rigar aiki ban karɓa ba, amma a gidanmu an riga an ɗauka na mallaki jirgi. Inna na son Umara a azumi, kawuna da ya riƙe ni tun ina ƙarami na son zuwa ganin likita a Duwala, abokai kuma sun ce Dubai za mu. Mene ne gaskiyar tikitin ma'aikata, wa ke da hakki a ciki, kuma yaya ake amfani da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya albarka, ya sa ka shiga a sa'a.

Kafin ka yi wa Inna ko kawu alkawarin komai, ɗauko takardar kwantiraginka ka karanta sunan da ke samanta. A filin jirgi mutane da yawa ne ke kai da komo da baj a wuya, amma iyayen gidansu daban-daban ne. Akwai ma'aikatan ADC, kamfanin da ke riƙe da filayen jiragen Kamaru. Akwai na ASECNA, masu hasumiya da hasashen yanayi da 'yan kwana-kwana. Akwai na CCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Kamaru, akwai kamfanonin da ake ba kwangilar lodi da tarbar fasinja, akwai kuma wakilan sayar da tikiti. Duk waɗannan ba masu jigilar fasinja ba ne, kuma wanda ba shi da kujera ba zai ba ka kujera ba. Mutum na iya shekaru yana zaune bayan tebur mai tambarin kamfanin jirgi, yana buga wa matafiya katin shiga, alhali albashinsa daga wani kamfani dabam yake fitowa. Wasu daga cikin irin waɗannan kamfanoni suna da yarjejeniyar ragi da masu jirgin, to amma sai ka gani a rubuce, kada ka ɗauka daga bakin abokin aiki. Sauran abin da zan faɗa na wanda kamfanin jirgin da kansa ya ɗauka ne.

Abin da mu a wannan yanki muke kira GP, wanda a takardun ƙasa da ƙasa za ka ga an rubuta ID90, tikiti ne da ake yafe maka wajen kashi 90 cikin 100 na kuɗin kujera, bisa sharaɗin cewa ba a ajiye maka kujerar ba. Kujerar da ba wanda ya saya, ita ake ba ka. Ka san yadda direban bas ke ce wa ƙanensa ya tsaya a gefe a tasha, in mota ba ta cika ba ya shiga? To haka abin yake, sai dai a nan kwamfuta ce ke ƙirga, ba ta kuma san ɗan'uwa ba. Akwai wani nau'in, ID50, wanda ake biyan wajen rabin kuɗi a ajiye maka kujera kamar kowane fasinja. Kamfanoni kan taƙaita yawansa a shekara. Wasu kuma suna ba da tikitin hutun shekara wanda kuɗin kujerarsa sifili ne.

Ko da an ce sifili, aljihunka zai motsa. Harajin filin jirgi, kuɗin tsaro da harajin gwamnati ba na kamfanin ba ne, don haka ba zai yafe maka su ba. A ƙasashenmu na tsakiyar Afirka waɗannan kuɗaɗe suna da nauyi, musamman in za ka ƙetare iyaka. Na sha ganin sabon ma'aikaci ya buga lissafin GP na mutum huɗu, ya ga jimla, ya yi shiru. Ka koyi karanta layin haraji a jikin tikiti tun makon farko, aikinka ne ma.

In kana son hawa jirgin wani kamfani, wannan ya rataya ne a kan yarjejeniya tsakanin kamfaninku da nasu. Mafi shahara ita ce ZED, wadda aka kafa a 1994, inda ake yanke kuɗi bisa nisan tafiya, zango-zango, a mataki uku: ƙasa, tsakiya da sama. Akasari sai ka yi wata 6 a aiki kafin a buɗe maka wannan ƙofa, kuma ta intanet ake yi, a shafuka irin myIDTravel, da katin banki. Ka tambayi ofishin ma'aikata jerin kamfanonin da kuke da yarjejeniya da su. Ga mutumin Garwa ko Marwa wannan jeri ya fi komai muhimmanci, domin jiragen da ke fita duniya daga Duwala, Yawunde da Injamena suke tashi: Ethiopian ta Adis Ababa, ASKY ta Lome, Turkish ta Santambul, Air France ta Faris, Royal Air Maroc ta Kasablanka. In kamfaninku ba shi da yarjejeniya da ko ɗaya a cikinsu, GP ɗinka ba zai wuce inda jirginku ke zuwa ba.

Yanzu bari in nuna maka yadda abin ke faruwa a ƙofar shiga jirgi, don nan ne ake gane ma'anarsa. Ka sa sunanka a jerin masu jira tun kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya. Ka zo da wuri, an duba takardunka, an ba ka kati marar lambar kujera. Fasinjoji suna ta wucewa, kai kana tsaye a gefen tebur da jakarka, tare da wasu mutum biyar ko shida irinka, kowa na satar kallon fuskar ma'aikaciyar da ke gaban kwamfuta. Sai an rufe rajista, an ƙirga waɗanda suka sayi tikiti ba su zo ba, mai lissafin nauyi ya aiko da adadin da jirgi zai iya ɗauka, sannan ta ɗaga kai ta fara kiran sunaye. Wanda kamfani ya aika aiki shi ne farko. Sai ma'aikatan gida bisa ranar da aka ɗauke su aiki, tsoho kafin sabo. Sai iyalansu, sai ma'aikatan wasu kamfanoni a ƙarshe. Tsarin na ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma kai da ka fara jiya kana can ƙasa ko ta yaya aka jera. Za ta iya cewa saura kujera biyu, ku kuwa ku huɗu ne, kai da matarka da yara biyu. Minti ɗaya za ta ba ka. Wannan shawara a gida ake yanke ta: wa zai wuce, wa zai jira, fasfon wa ke hannun wa, kuɗi na aljihun wa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai abin da ya shafi arewa musamman, wanda wanda ya koyi aiki a kudu ba ya saurin fahimta. Za ka leƙa kwamfuta ka ga kujeru 12 babu kowa, ka yi murna, amma a hana ka shiga. Ba mugunta ba ce. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafin Garwa, Marwa da Injamena kan haura digiri 40 da rana. Iska mai zafi ba ta da kauri, injin ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, fukafukai ba sa samun abin da za su dogara a kai, sai a rage nauyin da jirgi zai tashi da shi. A ƙananan jirage masu farfela irin Q400, masu kujeru 70 da 'yan kai, ragin mutum biyar ko shida ba abin mamaki ba ne. Haka kuma lokacin hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu: matuƙi kan ƙara mai don ko bai ga titin sauka ba ya iya juyawa wani filin, kuma kowane kilo na mai kilo ne da aka cire daga fasinja. In kuwa hazon ya sa an soke jirgin jiya, fasinjojin jiya ne za su cike na yau, kai ka koma baya. Adis Ababa ma tana da irin tata matsalar, don filinta ya haura mita 2,300 a kan teku, iskar can ba ta da kauri ko da sanyi ake yi. Saboda haka in akwai zaɓi tsakanin jirgin safe da na tsakar rana, ɗauki na safe.

Wani tarkon shi ne jirgi mai yada zango. A ce ka shiga a Duwala za ka Garwa, jirgin zai tsaya a Yawunde ya ɗebi mutane. In waɗanda suka saya daga Yawunde sun cika shi, ana iya kiran sunanka a sauke ka a can, da dare, a filin Nsimalen da ke nesa da gari. Kafin ka shiga, tambayi mai tebur ko an tabbatar maka har ƙarshe ko zangon farko kawai. Kuma ka saba tafiya da jakar hannu kaɗai. Akwatin mai GP shi ne ke makalewa a gefen jirgi ana jiran a ga ko maigidansa zai shiga, wani lokaci ya tafi ya bar ka, wani lokaci ka tafi ka bar shi.

In aka bar ka, ba wanda zai kama maka otal ko ya ba ka abinci. Hatta dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004, wadda ke tilasta biyan diyya ga fasinjan da aka hana shiga, ta cire masu tafiya kyauta ko da ragin da ba a sayar wa jama'a. Kuɗin tikitin da ba ka yi amfani da shi ba ana mayar maka, in ka nema cikin wa'adi. Kuma shugabanka ba zai karɓi "jirgi ya cika" a matsayin uzurin rashin zuwa aiki ba, don ya san ka sani tun kafin ka tafi. Ƙa'idata ga duk yaron da ya yi aiki a ƙarƙashina ita ce: ka tsara dawowa kafin ka tsara tafiya. Ka bar aƙalla jirage biyu tsakanin ranar da kake son dawowa da ranar da za ka kama aiki. A Duwala jirage biyu na iya zama yini ɗaya, amma a filayen arewa, inda wani lokaci ba kullum jirgi ke zuwa ba, jirage biyu na iya zama kwana uku ko huɗu. Kuma kuɗin hanya su kasance a jikinka: jirgin ƙasa na Camrail daga Yawunde zuwa Ngaundare ya kwana a hanya, sai bas zuwa Garwa, wani yinin ya tafi. Wanda ya sauka a Injamena kuma yana iya ƙetare gadar Ngeli zuwa Kusiri ya biyo mota ta Marwa, in hanya da tsaro sun ba da dama.

Sai babbar magana, wa ake kira iyalinka. A nan ne dokar kamfani da al'adarmu suke karo, kuma gara ka ji daga bakina da ka ji daga bakin ma'aikacin ofis a gaban kawunka. Waɗanda suka rubuta waɗannan ƙa'idoji gidan mutum huɗu suke tunani: miji, mata, 'ya'ya, sai iyaye biyu. Matar da za a rubuta ita ce mai takardar aure daga ofishin magajin gari. Ɗaurin aure a masallaci da goro da shaidu, komai yawansu, ba ya shiga kwamfuta. A Kamaru doka ta yarda mutum ya zaɓi auren mace fiye da ɗaya a lokacin rajista, amma wannan bai sa kowane kamfani ya ba kowace mata tikiti ba. Da yawa mace ɗaya suke rubutawa, kamfanonin waje kuwa ta hanyar ZED kusan dukkansu haka. Kai yanzu wataƙila wannan bai dame ka ba, amma na ga gidajen da wannan layi guda a fom ya hana barci. 'Ya'ya kuma sai masu takardar haihuwa da sunanka a kai, har zuwa shekarun da aka yanke, a ZED ƙasa da 24. Ɗan riƙo, ɗan ƙanwarka da ke gidanka yana kiran ka Baba, ba ya ciki sai da hukuncin kotu. Kuma ka san yadda rashin takardar haihuwa ya yi yawa a ƙauyukanmu na arewa. In Inna ba ta da ita, ko sunanta a katin ɗan ƙasa ya saɓa da wanda ke takardar haihuwarka, A'ishatu a nan, Aissatou a can, to fara gyara wannan tun yanzu ta kotu, don yana cin watanni.

Kawunka fa, wanda ya ci da kai ya sa ka makaranta? A wurinmu uba ne. A fom ba uba ba ne. Wasu kamfanoni suna ba da 'yan tikitin abokin tafiya a shekara, wanda za ka iya ba wanda ka so, sau da yawa da sharaɗin ku tafi tare, kuma matsayinsa a layi ƙasa yake da na iyali. In kamfaninku na da shi, to ga hanya. Amma ko da akwai, ni ban ba ka shawarar ka kai marar lafiya ganin likita da GP ba. Likita ya ba da rana da lokaci. Dattijo mai ciwo ba zai yi ta zarya filin jirgi ana dawo da shi ba, kuma in ciwon ya yi nauyi kamfani na iya neman takardar likita kafin a ɗauke shi. Abin da aikinka zai amfane shi da shi ya fi tikiti: za ka san ranar da kuɗin kujera ya fi sauƙi, ka saya masa da wuri, ka nema masa keken guragu tun a rajista, ka kira abokin aikinka a Duwala ya tarbe shi a bakin jirgi. Wannan gata ne da mai kuɗi ma ba ya samu.

Umarar Inna kuma, a azumi, musamman goman ƙarshe, ita ce mafi munin tafiyar da za a yi da tikitin jira. Jiragen Jidda da Madina daga Adis Ababa, Alƙahira da Santambul a cike suke maƙil da mutanen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kuma kamfanoni kan rufe GP gaba ɗaya a irin waɗannan ranaku, kamar yadda suke yi a Kirsimeti da sabuwar shekara da ƙarshen dogon hutu kafin komawa makaranta a Satumba. Ka ɗauka an dace ta tafi. Dawowa fa? Bayan Sallah kowa gida yake so, bizarta na da wa'adi, ga tsohuwa da azumi ya gajiyar zaune a kan akwati a filin Jidda, ba Faransanci ba Turanci. In da ni ne kai, sai in ce mata: Inna, ki ba ni shekara, in cika wa'adin da ake buƙata, in tara kuɗi, mu tafi tare a Safar ko Jimada lokacin da cunkoso ya ragu, da tikiti mai tabbatacciyar kujera. In kuma lallai azumi take so, ku haɗa kuɗi da 'yan'uwanka a saya mata cikakken tikiti. Hajji kuwa ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Bizarsa ta hannun hukumar alhazai take fitowa bisa kason da Saudiyya ta ba ƙasa, kuma jiragen da ke kwasar alhazai daga Garwa haya ce ta musamman, ba su da kujerar ma'aikaci.

Abokanka na Dubai ka yi musu dariya kawai ku wuce. Amma akwai abin da ke bayan wannan magana wanda ba na dariya ba ne. Za a zo maka da shawara, wataƙila daga babban mutum a kasuwa: ka rubuta ɗansa a matsayin ƙanenka ko abokin tafiyarka ya ba ka wani abu, ko kai ka riƙa zuwa Dubai a hutunka kana ɗauko masa wayoyi da atamfa. Sayar da tikitin ma'aikata laifin kora ne a duk kamfanin da na sani, kuma tikitin na yawon kai ne, an haramta fatauci da shi. Masu bincike ba sa buƙatar kama ka da hannu. Kwamfuta na nuna wanda ke zuwa gari ɗaya kowane wata ya kwana ɗaya ya dawo da akwati uku.

Haka zancen saƙo. Daga ranar da ka rataya baj, gidanku zai zama tasha. Maƙwabciya za ta aiko yaro da kwali an naɗe shi da salatif ta ko'ina, an rubuta lambar waya da biro, a ce kilishi ne da yaji za a kai wa ɗanta ɗalibi a Yawunde. Sau tara cikin goma kilishin ne. Na goman kuwa ƙwayoyi ne, ko zinari, ko daurin kuɗi, kuma ita kanta mai aikowar wataƙila wani ne ya ba ta. In jandarma ko 'yan duwan, wato kwastan, suka buɗe, sunanka ne a jiki. Kai da kake tambayar fasinja kullum ko shi ya haɗa kayansa da kansa, ba ka da bakin cewa ba ka sani ba. Abin da na koya wa yarana shi ne su ce: "Hajiya, dokar aikinmu ce, sai an buɗe a gabana." Mai gaskiya za ta buɗe. Kuma kada ka taɓa wucewa da kayan wani ta ƙofar ma'aikata, ko da an buɗe. A auna shi a kan tebur, ya bi na'ura kamar na kowa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kai da za ka zauna gaban kwamfutar rajista, akwai jarrabawa ta uku. Za ka ga jirgin da kake son hawa ranar Juma'a yana cika, zuciya ta ce ka ajiye kujeru biyu da sunayen bogi ka soke su a ƙarshe. Ko abokinka ya zo ka matsar da shi gaba zuwa babban aji. Kowane maɓalli da ka taɓa yana ɗauke da lambarka da lokacin da ka taɓa shi. Don haka ma kada ka ba kowa lambar sirrinka, ko shugabanka ne ya ce yana sauri.

Batun biza ba ya sauƙaƙa don kana ma'aikaci. Baj ba fasfo ba ne. A cikin ƙasashe 6 na CEMAC, wato Kamaru, Cadi, Gabon, Kwango, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, an amince da shiga ba biza tun 2017, don haka Injamena ko Librebil wuri ne mai kyau na gwaji, da fasfo mai aiki da katin rigakafin shawara. Faransa kuwa tana neman bizar yada zango daga 'yan Kamaru da 'yan Cadi ko da ba za su fita daga filin jirgi ba, sai wanda ke da wasu bizoji ko takardun zama da aka keɓe. Wannan ya fi cizon mai GP, don shi ne zai iya makalewa a tsakiya: jirgi na biyu ya cika, ba shi da izinin fita gari, sai ya kwana a kan benci. Akwai kundin Timatic na IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wanda za a koya maka don duba takardun fasinja. Ka duba kanka a ciki kamar baƙo, har da garuruwan da ƙila dole ta sa ka bi ta cikinsu. Kuma in ta Lome za ka bi, tuna sefarmu ta tsakiyar Afirka ba ita ce sefarsu ba, duk da darajarsu ɗaya, mai tasi a can ba zai karɓa ba. Ka riƙe 'yan Yuro, canjinsu a tsaye yake, Yuro ɗaya sefa 655.957.

Sutura ba ta da wuya. Kaftani mai tsabta da hula da takalmi rufaffe sun wadatar ko'ina, haka abaya ko atamfa ga mata. Silifa da gajeren wando da rigar ƙwallo ne ke sa a bar mutum a ƙasa. Abin da ya fi sutura shi ne baki. Kada ka yi gardama da mai tebur, kada ka ce ka ga kujera a kwamfuta, kada ka gaya wa na kusa da kai nawa ka biya, in abinci bai kai kanka ba ka yi shiru. Laifin da matarka ko ƙanenka ya yi a jirgi a kan fayil ɗinka ake rubutawa, kuma ƙorafi ɗaya daga wani kamfani na iya rufe maka tafiya na shekara. Ka zaunar da duk wanda za ka ba tikiti ka gaya masa wannan kafin ya fita gida.

A watannin farko ma ba ka da lokacin yawo. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta ba da damar gwaji har wata 6 ga ma'aikaci irinka, hutu kuma kwana ɗaya da rabi ne a kowane watan aiki, wato kwana 18 a shekara. Sauran tafiye-tafiyen da za ka ga tsofaffin ma'aikata na yi daga musayar ranakun aiki suke fitowa, kuma ba mai musaya da wanda ba ya rama alheri. Ka karɓi aikin ranar Kirsimeti a madadin abokin aikinka Kirista, shi zai riƙe maka ranar Sallah. Ka haddace lambobin filaye, GOU (Garwa), MVR (Marwa), NGE (Ngaundare), NSI (Yawunde), DLA (Duwala), NDJ (Injamena). Ka saba da agogon UTC, wanda ke bayan namu da awa ɗaya, don da shi ake rubuta saƙonnin jirgi. Kwas ɗin kaya masu haɗari ka ɗauke shi da gaske, ana sabunta shi duk wata 24, kuma a teburinka ne za a kama batirin cajin waya da aka cusa a akwati, ko turare da fetur ɗin janareta da wani ya ɗura a gora. Hausarka da Fulatancinka, da Larabcin Shuwa in kana ji, jari ne. Ranar da alhazai suka cika zauren Garwa, wanda zai iya yi wa tsoho bayani da harshensa shi shef deskal, wato shugaban ma'aikatan kamfani a filin, ke nema.

Ina nanata aikin ne don na ga kamfanoni sun mutu da GP ɗinsu. Air Afrique ta rushe a 2002, tsohuwar Cameroon Airlines ta tsaya a 2008 kafin Camair-Co ta fara tashi a 2011, Tchadia da aka buɗe a 2018 ba ta wuce 2022 ba. Ranar da kamfani ya rufe, ragin tikiti ya tafi da shi. Waɗanda suka samu wani aikin su ne masu takardun kwas a hannu da suna mai kyau a filin. Don haka ka duba ana zuba maka kuɗin CNPS, asusun fansho na ma'aikata, ka ajiye kwafin kowace takardar horo a gida, kada ka karɓi ƙaramin albashi don an ce ai akwai tikiti.

In wa'adinka ya cika aka buɗe maka, tafiyar farko ka yi ta kai kaɗai. Garwa zuwa Yawunde, ranar Talata ko Laraba, ba kusa da Sallah ko hutun makaranta ba, da jakar hannu, da kuɗin jirgin ƙasa da na bas a aljihun ciki. Ka tsaya a gefen teburin can inda ba wanda ya san ka, ka ji yadda ake kiran sunaye. Bayan ita sai ka ɗauki Inna ku je ziyarar 'yan'uwa a cikin ƙasa, inda ko an bar ku akwai gidan da za ku kwana, kafin a fara maganar Jidda.